Jatan lande yana ci ba ya girma: yadda ake gano parazit a gonakin kiwonsa

Jatan lande, wanda a Faransanci ake ce wa crevette, ba baƙo ba ne a tukunyar mutanen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Busasshensa na zuwa daga bakin teku, ta Kwatano ko ta Najeriya, ana daka shi a miya. Ɗanyensa mai ƙanƙara kuwa sai a manyan kantuna da otel-otel na babban birni. Busasshen galibi kamun masunta ne. Amma manyan nan da ke cikin leda a firiji, mafi yawansu a kasuwar duniya ba su taɓa ganin komar masunci ba, kiwon su ake yi a tabkunan ruwan zartsi da aka haƙa a bakin teku, kamar yadda ake kiwon tarwaɗa a nan gida.

Sana'ar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna a shekarar 2022 an samar da kusan tan miliyan 6,8 na irin nan guda ɗaya mai fararen ƙafafu, Penaeus vannamei. Sin, Ekwado, Indiya, Biyetnam, Indonesiya da Tailan ne ke kan gaba. A Afirka ana yin sa a Madagaska da Mozambik, inda aka fi kiwon baƙin nan mai zane-zane, Penaeus monodon. Miliyoyin iyalai ke ci daga wannan ruwa, kuma da yawansu da bashin abinci da na iri suke fara kowace kaka.

Masu wannan kiwo sun daɗe da sanin annobar da ke kashewa farat ɗaya. Birus ɗin farin ɗigo, wanda ya ɓulla a Asiya a farkon shekarun 1990, ya isa Mozambik a 2011 da Madagaska a 2012, yana iya share tabki cikin kwana 3 zuwa 10. Irin wannan ba ta ɓuya, gawa ce ke taso wa mutum a bakin ruwa. Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce wadda ba ta kisa: dabba na ci, tana iyo, ba ta mutuwa, amma ba ta ƙara nauyi. A nan ne parazit suke, wato halittun da ke zaune a jikin wata halitta suna ci daga gare ta, kamar kaska a jikin saniya ko tsutsar ciki a jikin yaro.

Dabbar da ba a iya yi wa gwajin jini irin namu

Abu na farko da ke wahalar da masu bincike shi ne yanayin jikin dabbar kanta. Idan cuta ta shiga jikin mutum ko akuya, jiki na ƙera wasu sinadaran kariya na musamman ga wannan cutar, kuma sau da yawa su likita ke nema a jini don ya san abin da ya shiga. Jatan lande ba ya ƙera irin waɗannan. Saboda haka babu sawun da za a bi a jininsa, dole sai an kama ɓarawon da kansa: ko a gan shi da ido, ko a gan shi a madubin mikroskop, ko a samo ADN ɗinsa. Wannan dalilin ne kuma ya sa babu allurar rigakafi irin wadda ake yi wa shanu da kaji.

Abu na biyu shi ne yawa. Tabki mai faɗin hekta ɗaya na iya ɗaukar dabbobi dubu ɗari biyar ko fiye, a cikin ruwan da ba a ganin ƙasansa. Makiyayi na gane tunkiyar da ta ware daga garke da safe. Mai tabki ba ya da wannan gatan. Tagarsa ɗaya ita ce ɗan faranti na raga da yake saukarwa cikin ruwa da ɗan abinci a kai, ya ɗago bayan awa ɗaya ko biyu ya duba abin da ya hau.

Daga wannan farantin binciken ke farawa, kuma gwanin kiwo na karanta abubuwa da yawa a kansa. Jikin jatan lande mai lafiya garai yake, ana hango hanjinsa kamar baƙin zare daga kai zuwa wutsiya. Idan zaren ya yanke-yanke ko ya koma fari, akwai magana. Ana duba gaɓar numfashi da ke gefen kai, ko ta yi ruwan ƙasa ko baƙi. Ana taɓa ɓawo a ji ko ya yi laushi ko ya saki jiki. Sannan duk mako ana jefa birgi a auna nauyin waɗanda aka kama ɗaya bayan ɗaya. Idan ƴan kwana ɗaya, masu cin abinci ɗaya, suka fito wani kamar babban yatsa wani kamar ɗan ƙarami, to lokacin kai samfuri ɗakin gwaji ya yi.

Waɗanda ake gani da sauƙi

Akwai parazit ɗin da ba su da wuyar kamu. Na farko su ne masu maƙalewa a waje, irin su Zoothamnium, Epistylis da Vorticella, ƙananan halittu masu kama da ƙararrawa a kan tsinke. Suna mamaye ɓawo da gaɓar numfashi har dabba ta zama kamar an yafa mata auduga. Ba sa cin naman, wurin zama kawai suke nema, amma idan suka yi yawa sai su toshe numfashi, musamman da asuba lokacin da iskar da ke cikin ruwa ta yi ƙasa. Gano su aikin minti goma ne: a yanko ɗan guntun gaɓar numfashi, a ɗora a gilashi da ɗigon ruwan gishiri mai tsabta, a duba. Ana ba su maki daga 0 zuwa 4 gwargwadon yawansu. Ganin kaɗan ba abin tsoro ba ne, don duk lokacin da dabbar ta yi saɓa tana zubar da su tare da tsohon ɓawo. Ganin su da yawa kuwa labarin ruwan yake bayarwa: ragowar abinci da kashi sun taru a ƙasan tabki. Mai tabkin da ya zuba magani ya bar dattin zai sake ganin su bayan mako biyu.

Na biyu su ne gregarin, masu zama a hanji. Dangin parazit ɗin zazzaɓin cizon sauro ne na nesa, kodayake sun fi shi girma nesa ba kusa ba. A madubi suna kama da ƴan tsutsotsi masu gaɓa biyu ko uku, suna tafiya a hankali kamar ana jan su. Dabbar na ɗaukar su ne ta cin ƙananan katantanwar ruwa da tsutsotsin laka da ke ƙasan tabki. Ana matso abin da ke cikin hanji a gilashi, a ƙirga.

Na uku shi ne ciwon da ake kira na auduga ko na madara, inda naman bayan dabbar ke komawa fari fat kamar an dafa shi tun tana da rai. Idan aka murje ɗan naman a gilashi sai a ga ƙwayoyi birjik. A 2016 masu bincike sun bayyana wani irinsa, daga zuriyar Perezia, a samfuran da aka ɗauko daga Madagaska, Mozambik da Saudiyya. Sai dai farin nama kaɗai ba hujja ba ce. Akwai birus da ke kawo shi, kuma zafin rana ko firgita lokacin kamu na sa naman ya ɗaure ya yi fari. Ido na nuna inda za a duba ne kawai.

EHP, ɓarawon cikin hanta

Wanda ya fi tayar da hankalin masana'antar a shekaru goma sha biyar ɗin nan sunansa Enterocytozoon hepatopenaei, a taƙaice EHP. An fara ganin sa a Tailan a 2004 cikin baƙin jatan lande mai jinkirin girma, aka raɗa masa suna a 2009. Da farko ba a kula shi ba. A lokacin hankalin kowa na kan wata cutar bakteri mai kashe ƙanana cikin wata na farko, wadda ta ɓulla a Sin a 2009 ta durƙusar da gonakin Biyetnam, Maleziya da Tailan. Masana na cibiyar Centex Shrimp ta jami'ar Mahidol a Bankok, ciki har da Farfesa Timothy Flegel, sun yi ta gargaɗi cewa wannan ɗan ƙaramin na yaɗuwa a ɓoye. Kafin a farga ya cika gonakin Sin, Indiya, Indonesiya, Biyetnam da Maleziya, daga baya kuma aka same shi a Benezuwela.

EHP na cikin rukunin da ake kira mikrosporidi, waɗanda binciken ADN ya nuna dangin naman gwari ne. Ba ya iya rayuwa shi kaɗai, sai a cikin ƙwayar halittar wani. A waje yana zama ne a cikin wani ƙwanso mai tauri, da wani siririn bututu a naɗe a ciki kamar igiyar guga. Idan dabba ta haɗiye shi, bututun na harbawa ya huda ƙwayar halitta, ya ɗura abin da ke cikin ƙwanson. A nan zai hayayyafa har ƙwayar ta fashe, sababbin ƙwansuna su fita, wasu su kama maƙwabta, wasu su bi kashi zuwa ruwa.

Wurin da ya zaɓa shi ne gaɓar da ke cikin kan jatan lande, wadda ke yin aikin hanta da na narkar da abinci gaba ɗaya. Ita ce ke tace abinci, ita ce rumbun ajiyar kitse. Idan ta lalace, abincin na shiga yana fita ba tare da ya zama nama ba. Ga mai tabki wannan ya fi mutuwa ciwo ta wata fuskar. Abinci shi ne rabin kuɗin kiwo ko fiye, kuma alamar ba ta fitowa sosai sai a wata na biyu ko na uku, bayan an riga an zuba buhuna. Kiwon da ya kamata a kwashe cikin kwana 100 zuwa 120 sai ya ja, kuma abin da aka kwasa ƙanana ne, alhali a wannan kasuwa girma ne ke yanke farashi. Wani binciken cibiyar CIBA ta gwamnatin Indiya da ke Chennai ya ƙiyasta asarar da EHP ya jawo wa ƙasar a kakar 2018 zuwa 2019 da sama da dalar Amurka miliyan 500, fiye da ninki biyu na asarar birus ɗin farin ɗigo mai kisa.

Kuma ba ya buƙatar ɗan aike. Wasu danginsa sai sun bi ta jikin kifi kafin su koma jatan lande, shi kuwa kai tsaye yake wucewa: ta kashi, ta ruwa, da ta cin gawar ɗan'uwa, abin da jatan lande ke yi ba tare da ƙyama ba. Gwajin da aka yi a Tailan a 2013 ne ya tabbatar da hakan.

Me ya sa madubi ba ya wadatarwa

Duk wanda ya taɓa kai yaro gwajin zazzaɓin cizon sauro ya san aikin madubi: ɗigon jini, rini, sai mai gwaji ya sunkuya. Da EHP abin ya fi haka tsanani. Tsawon ƙwansonsa kusan mikron 1,1 ne, faɗinsa bai kai mikron ɗaya ba. Mikron shi ne milimita ɗaya a raba dubu. Ƙwayar jan jinin mutum na da faɗin kusan mikron 7, ke nan sai an jera ƙwanso shida ko bakwai kafin su ratsa ta. Girmansa ɗaya da bakteri, kuma hantar jatan lande cike take da bakteri da ɗigon kitse da tarkacen abinci. Ana iya ganin sa da gilashin madubi mafi ƙarfi, mai ninka abu sau dubu, bayan an rina samfurin da wani jan rini da ake kira floksin. Amma sai cutar ta yi nisa, kuma sai gwani. Idan mai dubawa ya ce bai ga komai ba, wannan ba ya wanke tabki.

Mataki na gaba shi ne yanka gaɓar siriri-siriri a duba tsarinta. Wannan hanya tana da wani sharaɗi da masu tabki ke yawan karyawa. Hantar jatan lande cike take da ruwan narkar da abinci, da zarar dabbar ta mutu sai ta fara narkar da kanta cikin mintoci. Gawar da aka tsinta a bakin tabki ba ta da amfani, haka wadda aka saka a ƙanƙara, don ƙanƙarar na farfasa ƙwayoyin halitta. Ana ɗaukar mai rai ne, a yi mata allurar wani haɗi da ake kira ruwan Davidson kai tsaye cikin hanta. Haɗin formol ne da alkol da asid. Sai a tsaga ɓawon, a jiƙa ta a cikinsa kwana ɗaya zuwa biyu, manya har uku, sannan a mayar da ita cikin alkol mai ƙarfin kashi 70. A ɗakin gwaji ana dasa ta a kakin kyandir, a yanka, a rina. Amfanin wannan wahalar shi ne ita kaɗai ke nuna ɓarnar da aka yi da girmanta, kuma ita ke iya tona cutar da ba a zo nemanta ba.

Wanda ya tsara yawancin waɗannan ƙa'idoji shi ne Donald Lightner na jami'ar Arizona a Amurka, wanda littafinsa na 1996 ya zama abin dubawa a ɗakunan gwaji na duniya. Ya rasu a 2021. Ɗakin gwajin da ya kafa, wanda hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, OMSA, ta amince da shi a matsayin madogara kan cututtukan jatan lande, yana birnin Tucson ne, a tsakiyar hamada, nesa da teku. Ba abin dariya ba ne kamar yadda ake zato: cutar da ta kuɓuce a can ba ta da ruwan da za ta faɗa.

PCR da tarkonsa

Hanyar da aka fi dogaro da ita yau ita ce PCR, gwajin nan da mutanen Nijar suka sani lokacin korona, wanda cibiyar CERMES ta Yamai ta riƙa yi wa matafiya. Na'urar na neman wani ɗan guntun ADN da aka san na parazit ɗin ne, ta kwafe shi sau miliyoyi har ya kai a gani. Samfurin nan ba a saka shi a ruwan Davidson, don asid ɗin na lalata ADN. Alkol mai ƙarfin kashi 95 ake sa shi. Kuma dole a ɗauko gaɓar da ta dace. An saba yanko ƙafar iyo don gwajin birus ɗin farin ɗigo, to wanda ya aika ƙafa neman EHP ya aika wurin da ɓarawon ba ya kwana. Hanta ake so, ko dabbar gaba ɗaya idan jaririya ce, ko kashi idan uwa ce mai tsada da ba a son yankawa.

A gwajin kashin nan ne aka yi tuntuɓe. Gwajin farko da aka ƙera yana neman wani guntun ADN da EHP ya yi tarayya da danginsa na kusa, waɗanda ke zaune a jikin kaguwa da kifi. A cikin hanta ba matsala, don su ba sa zama a can. Amma a kashi, da laka, da ruwa, da abinci, gwajin na iya cewa akwai EHP alhali ɗan'uwansa ne ya bi ta cikin abincin da uwar ta ci. Irin wannan amsar na iya sa a halaka iyaye masu lafiya da aka sayo da kuɗin waje. A 2016 masu binciken Bankok suka fitar da sabon gwaji mai neman ADN ɗin bangon ƙwanson, wanda ya bambanta EHP da danginsa, kuma shi aka fi ba da shawara yanzu ga duk samfurin da ba hanta ba.

Ko da gwajin ya yi daidai, akwai abin da ba ya faɗa. PCR ba ya bambanta ƙwanso mai rai da matacce. Tabkin da aka wanke da magani na iya ci gaba da nuna alama, alhali gawar parazit ɗin ce ta rage. Kuma amsar «akwai» ba ta nufin an yi asara. Shi ya sa manyan gonaki suka koma irin PCR mai ƙirga yawa, su bi adadin mako bayan mako, don binciken da aka yi a Sin ya nuna jinkirin girma na tafiya ne da yawan parazit ɗin a hanta. Da wannan lissafin ne mai gona ke yanke shawara mai ɗaci: ya ci gaba da ciyarwa, ko ya kwashe yanzu ya sayar da ƙanana ya tsira da uwar kuɗi.

Sai maganar adadin samfuri, wadda ita ce aka fi yi wa ha'inci saboda kowane gwaji kuɗi ne. Lissafin a bayyane yake. Idan dabba 5 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar, sai an ɗebi 60 kafin a samu tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa aƙalla ɗaya mai cutar ta shigo hannu. Idan 2 ne cikin 100, sai 150. Wanda ya kai guda biyar aka ce masa lafiya lau, takardar da ya riƙe ba ta fi ta ƙunshe ƙosai daraja ba. Wannan ƙa'idar ta tantance iri ce kafin saye. Idan kuwa ana neman dalilin ciwon da ya riga ya bayyana, ba a ɗiba da ka, zaɓar marasa lafiyar ake yi, ƙananan da masu farin hanji.

Rikicin farin kashi

Babu abin da ya nuna wuyar wannan aiki kamar labarin farin kashi. Tun wajen 2010 masu tabki a Tailan da maƙwabtanta suka fara ganin wasu fararen zaruruwa na yawo a saman ruwa, suna taruwa a kusurwar da iska ta kora su. Da aka duba a madubi sai ga abubuwa masu siffar tsutsa a hanta da hanji. Kowa ya ce gregarin ne, aka shiga zuba magungunan tsutsa, da tafarnuwa, da duk abin da ɗan kasuwa ya kawo.

A 2014 masu binciken Tailan suka duba su da madubin lantarki, mai ƙarfin da ya wuce na haske nesa. Abin da suka samu ba halitta ba ce sam. Ba su da ƙwayar tsakiya, ba su da kayan ciki. Shimfiɗar cikin bututun hantar ce ke saɓulewa, ta naɗe, ta dunƙule ta ɗauki siffar tsutsa. Shekaru ana yaƙi da abin da ba shi da rai.

Daga nan zargi ya koma kan EHP, saboda ana yawan samun sa a tabkunan farin kashi. Amma ana samun sa kuma a tabkunan da ba su da farin kashi, kuma da aka sa wa dabbobi shi a ɗakin gwaji ba su yi farin kashin ba. Binciken baya-bayan nan, na Arizona da na Bankok, ya karkata ga cewa taron dangi ne: EHP ya raunana hanta, wasu bakteri su shigo su ƙarasa. Ke nan takardar PCR da ta ce akwai EHP gaskiya ta faɗa, amma rabin labarin.

Bayan an gano, sai me?

Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana kashe EHP a jikin dabbar. Wannan bai hana a sayar da magunguna ba. Mai tabkin da bai san abin da ke damun dabbobinsa ba yakan ruga ga antibiyotik, wanda ba ya taɓa wannan parazit, sai dai ya bar saura a nama. A 2016 Tarayyar Turai ta ɗaga binciken jatan landen kiwo na Indiya a iyakokinta daga kashi 10 zuwa kashi 50 cikin ɗari na kayan da ke shigowa, saboda ragowar irin waɗannan magunguna. Rashin gwaji a tabki ɗaya na iya jawo wa ƙasa gaba ɗaya tsaiko a tashar jirgin ruwa.

Amfanin ganowa, to, yana gaban kiwo ne: kada a bari ya shigo. Dabarar tsohuwa ce. A 1865 gwamnatin Faransa ta aika Louis Pasteur garin Alès don ya binciki cutar da ke hallaka tsutsar siliki, wadda ita ma mikrosporidi ce ke kawo ta. Bai samo magani ba. Abin da ya koya wa masu kiwo shi ne a ware kowace uwa ta yi ƙwanta ita kaɗai, sannan a niƙa ta a duba a madubi, idan tana da cutar a ƙone ƙwan. Gidajen ƙyanƙyasar jatan lande na kirki haka suke yi yau, da PCR a madadin madubi. Ana gwada kashin iyaye. Ana gwada jarirai kafin a sayar, kuma mai saye mai hankali na tsare su ƴan kwanaki a ƙaramin tanki ya sake gwadawa, don cutar da ta yi ƙaranci a gwajin farko ta samu lokacin bayyana. Ana gwada tsutsotsin teku da ake ciyar da iyaye da su, waɗanda aka sha samun EHP a jikinsu, ko a daskarar da su a digiri 20 ƙasa da sifili kafin a bayar.

Tabkin da ya kamu kuwa sai an yi masa wankan gaske bayan kwashe. Shawarar da ƙungiyar cibiyoyin kiwon kifi ta Asiya, NACA, ta yaɗa ita ce a busar da shi, a zuba farar ƙasa mai zafi, wadda ake kira chaux vive, kusan tan 6 a kowace hekta, a cuɗa ta da ƙasa, a jiƙa, don kaifinta ya ƙone ƙwansunan da ke cikin laka. Tankuna da bututun gidan ƙyanƙyasa ana wanke su da ruwan soda mai ƙarfi.

Ga mai saye a kasuwa, babu shaidar cewa EHP na kama mutum. Yana da ɗan'uwa, Enterocytozoon bieneusi, mai sa gudawa ga masu raunin garkuwar jiki, musamman masu sida, amma wannan wata halitta ce dabam, kuma ba ta jatan lande take zuwa ba. Abin da ya kamata mai saye ya kula da shi a Yamai ko Maraɗi shi ne ko ledar ta narke a hanya an sake daskarar da ita, da kuma dafa shi ya nuna sosai.